Ramukan da Na Yi a Bangon Kaka

Shekarar da na fara karatun mastar a Yamai, fannin adana tsoffin gine-gine, ban bar kowa ya huta ba a gidanmu na garin Tawa. Kowane hutu da sabon wa'azin da nake zuwa da shi. Mukan fita kasuwa da Inna, ta waiga ta ga babu ni, ashe na tsaya gindin katangar mutane ina shafa ta, ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, na kara kunne in ji ko yaɓe ya rabu da tubali. An koya mana gutsurar ƙasa mu tauna don mu ji yawan yashin da ke cikinta, ni kuwa na tashi na yi haka a gidan surukan yayata, ranar suna, mata cike da tsakar gida. Inna ta daɗe ba ta yafe mini wannan ba. Ko a jikina. Wani irin daɗi nake ji a lokacin, irin wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa, son ginin ƙasa ya hau mini kai.

Abin ya fara ne tun ranar farko a aji. Malaminmu, wani dattijo siriri mai farin gemu da muke kira Farfesa, ya kashe fitila ya haska mana hoton rufin wani soro. Bakuna na ƙasa sun taso daga bango sun lanƙwasa sun haɗu a tsakiya, ga azara a jere tsakaninsu. Ya ce mu duba da kyau, irin wannan rufi ƙarewa yake yi, aikinmu kuma shi ne kada ya ƙare a hannunmu. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Mushe," haka muke kiran malami da faransanci, "ai wannan ɗakin kakata ne!" Aji ya kwashe da dariya. Ba shi ba ne, hoton wani gari ne can gabas, amma kamar an tsaga kara. Tun ina yarinya abin da na sani shi ne ginin ƙasa na wanda bai kai ga siminti ba ne. Yau ga shi an haska shi a jami'a, babban malami yana nuna shi da sanda.

Soron Kaka, uwar babanmu, yana kusa da ƙofar gida, ya ba titi baya. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwanon sauran ɗakuna ke gasa mutum, in ka shiga cikinsa sai ka ji kamar an ɗora maka jiƙaƙƙen tsumma a wuya. Duk shekara bayan girbi Kaka takan tara matan gida su yi wa cikinsa sabon shafe da hannu. Ita ke bi daga baya tana jan yatsunta a kan ɗanyar ƙasa, layi-layi masu lanƙwasa, daga ƙasa har iyakar inda hannunta ya kai. Waɗannan layukan nake kallo in yi barci duk ƙuruciyata. Da ta rasu aka ja ƙofar, babu wanda ya iya kwana ciki. A hankali ɗakin ya zama wurin jibge karyayyun kujeru da tsoffin tayoyi da buhunan da ba a san mai su ba, kusurwa ɗaya kuma ta fara yoyo.

Ƙanen babanmu, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Mutumin kirki ne, kayan babur yake sayarwa, kuma duk lokacin da ya dubi soron nan butik yake gani, wato shago, mai ƙofar ƙarfe yana kallon titi. Da na zo binciken shekarar ƙarshe, na ce a kan soron zan rubuta kundina, sai ya ce to in yi sauri, don kafin ruwa ya sauka za a rushe shi. Na yi kuka, na yi faransanci, na jero masa yarjejeniyoyin duniya kan adana kayan tarihi ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni har na gaji don kaina.

"Ɗiyata," ya ce, "duk wanga boko da kinka yi, ashe maginiya za ki zama? To, ji nan. Kawo mushen naku shi gani da ido nai. In yac ce ɗakin ga wani abu na, har gwamnati ta san da shi, na bar shi. In ba haka ba, ki ɗauki hotonki, mu kau mu ɗauki diga."

Ni ban ji rabin maganar na ƙarshe ba. Na buga wa Farfesa waya ina haki, ya ce zai zo, na zagaya tsakar gida ina gaya wa kowa an gama, har da akuya.

Na kwashe tarkacen, na share, na auna ɗakin ta kowace fuska, sannan na shiga aikin da na fi so a duk karatun. Ana zaɓar wuri a bango kamar faɗin tafin hannu, a sa 'yar wuƙa irin ta likita a ɗaga shafen sama a hankali, a bar gefensa, a ɗaga na ƙarƙashinsa, a bar gefensa, har wurin ya zama 'yar matakala, kowane taki shafen wata shekara. Taga muke kiran wannan a makaranta. Wayyo, abin da na gani! Jar ƙasa, farar ƙasa, wata mai ƙaiƙayin gero, wata baƙa ƙirin da hayaƙi, wata da aka sa wa shuni, ƙila shekarar wani biki ce. Can ciki na tarar da jan yatsun da ba na Kaka ba, sirara, masu tafiya a miƙe. Na fito da gudu ina ihu, kaji suka watse, Inna ta saki muciya ta ɗauka kunama ce ta harbe ni. Na buɗe irin tagar nan a kowane bango, wasu sama wasu ƙasa, na manna wa kowace 'yar takarda mai lamba. Su ne makamina. Na tabbata in Farfesa ya ga zurfin shekarun nan da idonsa, zai yi wa Baba Ƙarami maganar da za ta sa ya jingine digarsa.

Mutum ɗaya ce ke zuwa kallona kullum, Gwaggo, yayar su Baba. Tun da mijinta ya rasu a Kalfu ta dawo gida, aka ba ta ɗakin kwano a can ƙurya, inda take wuni tana fifita tana tsine wa zafi. Takan jawo kujerarta bakin ƙofar soron ta zauna, ba ta taɓa shiga ba.

"Ke, wai mi kika nema cikin bangon ga?" ta ce mini wata rana. "Zinari anka ce miki an binne?"

"Tarihi nika nema, Gwaggo."

"Tarihi. To, Allah shi ba da sa'a. Ɓera dai rami guda shika yi shi haƙura." Ta yi fifita ta yi fifita, sannan ta ce, "Baƙon naki, ɗakin ga za shi gani?"

"Shi kaɗai ya kawo shi. Komi ya rataya ga abin da yag gani nan ciki."

"Komi?"

"Komi, Gwaggo."

Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ɗauki kujerarta ta tafi. Bayan 'yan kwanaki na ga tarin jar ƙasa a bayan madafa, an kwaɓa an rufe da tsohuwar tabarma. Inna ta ce murhu za su gyara. Na ɗaga tabarmar, na murza ƙasar, na shinshina, na ɗanɗana, na yaba musu ƙwarai, na ce kwaɓin ya ruɓa daidai yadda littafi ya ce. Inna ta ce madalla, ba ta dube ni ba.

Ranar zuwan Farfesa na kasa zama. Motar Yamai sai bayan azahar take isowa, amma tun da hantsi na yi wanka na sa sabon ɗinki, na gargaɗi yaran gida kada wanda ya kusanci soron, na nufi tasha. Yara na gargaɗa. Ko kusa ban kawo manya a raina ba. Motar kuma ta samu faci wajen Ƙonni, na yi ta zama a benci ina maimaita jawabina, har mai sayar da kilishi da ke gefena ya haddace rabinsa yana gyara mini in na yi tsallake. Sai la'asar Farfesa ya sauko, da 'yar jakarsa da hularsa a karkace. A cikin adaidaita ban bar shi ya ko amsa gaisuwar hanya ba. Na ba shi labarin jar ƙasa da fara, da shuni, da siraran yatsun da ba na Kaka ba. Na ce, "Mushe, za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba." Wannan kam na faɗi gaskiya.

Tun daga zaure na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali sama fes take babu ko ɗigon hadari. A tsakar gida mata ne a jere, na gidanmu da na maƙwabta, kowa ta ci ado, kowa gefen farcenta ja. Gwaggo na gaba da mayafinta na salla. Aka gaisa, aka kawo ruwa, ni ina ta tsuma, na ja Farfesa zuwa soron na tura ƙofa.

Babu taga ko ɗaya. Bango huɗu sumul, ja jawur, ɗanye yana sheƙi, an ja masa yatsu daga ƙasa har sama. An yayyafa wa daɓe ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma, turaren wuta yana tashi. 'Yan takarduna masu lamba kuwa ba a zubar da ko ɗaya ba, an tsince su an jera a kan faifai an ajiye a gefe da ladabi. Aikin da na yi wata da watanni a durƙushe, sun shafe shi tsakanin hantsi da la'asar, da ƙasar da ni da bakina na ce ta yi.

Gwaggo ta matso bakin ƙofa ta gyara mayafi. "Malam, ka yi haƙuri da ɗiyarmu," ta ce. "Yarinya ta. Ta bi bangon da wuƙa duk ta huda shi, ba ta san ba a nuna ma baƙo rami ba. Mun gyara. Yanzu diba da kyau, ka hwaɗa ma ƙanena abin da kag gani."

Farfesa yana jin Hausa, ya yi aiki a Damagaram da ƙuruciya. Ya tsaya ya dubi bango, ya dubi faifan takardu, ya dube ni. Na ga gemunsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, sai dariya ta ƙwace masa. Ya zube a kan tabarma ya cire tabarau yana share ido. Matan da ke leƙe suka ɗauka murna yake yi da aikinsu, suka saki tasu. Ni ma ban san yadda aka yi ba sai ga ni ina yi, hawaye na zuba, cikina yana ciwo, ina nuna bangon ina cewa, "Nan, nan shunin yake, Mushe, wallahi nan yake!" Ya tambaye ni da faransanci ko na ɗauki hoto na kuma zana. Na ce na yi. Ya ce to kundi bai mutu ba, sai ma ƙarin babi da na samu, in je in tambayi matan nan komai tun ƙasar ba ta bushe ba.

Ana cikin haka Baba Ƙarami ya dawo daga kasuwa. Suka gaisa a tsakar gida, aka tambayi hanya da iyali, sannan ya tafi kai tsaye ga maganarsa, shin gwamnati ta san da ɗakin ko ba ta sani ba.

"Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji Farfesa. "Ɗakin nan yana da daraja, irinsa kaɗan ya rage. Amma takardar da za ta hana ka rushe shi, ba ni da ita, ban kuma san ofishin da zai ba da ita kafin damina ba. Naka ne. Roƙo kawai zan iya."

Dariyar ta ɗauke mini ɗif. Na ji haushin gaskiyar malamina kamar in yi ihu. Baba Ƙarami ya dube ni, ba da mugunta ba, har da ɗan tausayi. "To, kin ji, ɗiyata," ya ce.

Sai muka ji ƙarar ƙarfe daga ƙurya. Mata ne ɗauke da gadon Gwaggo, sun kinkimo shi suna tafe a karkace, ita tana biye da buta a hannu ɗaya, rediyo a ɗayan, tana ba da umarni. "Tsakiya za ku aje shi, kar shi taɓa bango, bai bushe ba." Wata na biye da akwati, wata da darduma. Suka bi ta gaban Baba Ƙarami har sai da ya matsa musu.

"Yaya, mi ke nan?"

"Tashi nika yi. Kwanon can ya gama dahwa ni. Na gyara ɗaki da hannuna, ga sanyi, in bar ma tayoyi?"

"Yaya, ai mun riga mun yi magana kan ɗakin ga."

"Da wa? Da ni kunka yi?" Ta tsaya a bakin ƙofar da, tun rasuwar uwarta, ba ta ƙetare ba sai yau da ta shiga yin shafe. Na ga ta ja numfashi, ta yi bisimilla, ta sa ƙafar dama ta shiga. Daga ciki ta ɗaga murya. "Ran da kaz zaka da digarka ka yi sallama, kar ka ishe ni ina salla."

Baba Ƙarami ya dubi Farfesa, Farfesa ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa. Ya dubi Inna, ta shige madafa. A garinmu babu namijin da zai fitar da yayarsa daga ɗakin uwarsu ya kuma iya zama a majalisa washegari, shi ma ya sani. Ya tura hula gaba ya sosa ƙeya, ya daɗe yana sosawa, sannan ya fashe da dariya. "Boko bai kada ni ba, gwamnati ba ta kada ni ba, gado ya kada ni!" Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na cire takalmi na taka rawa a gaban malamin da zai yi mini jarrabawa, na kama Inna na juya ta da muciyarta a hannu, na gode wa Baba Ƙarami har ya ce in rabu da shi haka nan.

Sai da aka raka Farfesa masauki, mata suka watse, rana ta yi sanyi, na koma soron. Gwaggo na zaune a bakin gadonta tana jan carbi. Na tsaya ina kallon layukan bangon, sai a lokacin na lura ba su ne ba. Na Kaka suna lanƙwasa a hankali, waɗannan kuwa masu faɗi ne, an ja su da ƙarfi. Shafen ƙarshe da Kaka ta yi da hannunta, wanda na yi ta lallaɓawa da 'yar wuƙata don kada in ɓata fiye da tafin hannu, ya tafi gaba ɗaya. Na zauna a ƙasa.

"Gwaggo, kun ruhe hannun Kaka."

Ta ajiye carbin. "Mun ruhe. Ni niy yi, ina yi ina kuka, tambayi innarki. Kakarki ma haka tar ruhe na uwar mijinta, ina tsaye ina riƙe mata ƙwarya. Ke da kinka tona, ba ki gani ba?"

Na gani. Siraran yatsun nan masu tafiya a miƙe, da na fito ina yi wa ihu.

"Tashi ki diba bayan ƙohwa," ta ce.

Na ja ƙyauren. Sun bar wuri guda ba su shafa ba, tsohon bangon yana nan da layukan Kaka, ga ƙwaryar kwaɓi a ƙasa an rufe da tsumma. Kowace macen gida sai ta sa hannu, in ji Gwaggo, nawa rabon ke nan. A makaranta an yi ta nanata mana cewa mai adana gini ba ya ƙara nasa a kai. Na daɗe da tafina a kan layukan nan, Gwaggo ba ta ce in yi sauri ba. Sannan na naɗe hannun sabon ɗinkina na ɗebo ƙasa. Nawa wurin shi ne ya fi ko'ina muni a ɗakin, ya yi tudu ya yi kwari, da ya bushe kuma ya tsattsage.

Kafin ruwa ya sauka na kawo magini muka gyara kusurwar da ke yoyo, na tsaya a kansa da bakina har ya haƙura da maganar siminti. Farfesa ya ce duk da hotuna yana son taga ko ɗaya ce a buɗe. Na yi ta bin Gwaggo da roƙo har ta yarda da guda, a kan gadonta, da sharaɗin a rataya faifai a rufe ta. Yanzu ita ce ke ɗaga faifan da kanta in ta yi baƙi. Takan bi matakalar da farce tana faɗa musu, wannan nata, wannan na innarta, wannan baƙin shekarar da aka yi girki a ciki ne, wannan na kakarta.

Zuwana na bayan nan na tarar ta rame. Ta ɗaga mini faifan kamar ban taɓa gani ba, ta ɗora yatsa a kan taki na sama, nata.

"Wanga kau ke za ki shahe bisa nai," ta ce. "Ki koyi aikin da kyau, ba ni son tudu da kwari."

Na ce mata to. Da yamma na je bayan madafa na jiƙa ƙasa, na nemi tsohuwar tabarmar nan na rufe.